Yaushe Ɗalibi Ke Zama Marubucin Waƙa?

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu a wannan sashe ba mu sha Hausa a nono ba. Ni kaina a Sabon Ibadan na tsince ta, wajen abokan wasa da masu sayar da goro, kafin in zo jami'a in karance ta. Saboda haka na daɗe ina rubuta baitoci a bayan littafin darasi ina ɓoyewa, domin a ganina waƙa gadon 'yan gida ce, baƙo sai dai ya yi nazarinta. Wannan ɗan rubutu zai duba matakai uku da ɗalibi ke bi kafin ya yarda cewa shi ma marubucin waƙa ne.

Mataki na farko: sanin magabata

Wanda ya san tarihin rubutacciyar waƙar Hausa ba zai ce asali ne ke hana mutum ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793-1864) ta tashi a gidan da ake magana da Fulatanci, amma ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Waƙoƙinta na Hausa su ne malamai mata suka riƙa kaiwa ƙauyuka suna karantar da 'yan taru. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, duk da haka ya tsara Imfiraji, wadda almajirai da makafi suka yaɗa a kasuwanni da tashoshi. Mu'azu Haɗeja malamin makaranta ne, Sa'adu Zungur kuwa malami ne kuma ɗan siyasa, dukansu sun rasu a 1958. Abin da ya haɗa waɗannan mutane shi ne kowannensu yana da saƙon da ya dame shi, ya kuma koyi ƙa'idar isar da shi.

Mataki na biyu: horar da kunne

A nan ne mu masu koyon Hausa muka fi shan wuya. Karin rubutacciyar waƙa yana tsayawa ne a kan nauyin gaɓa. Gaɓa marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali. Mai nauyi kuwa ita ce baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko kuma wadda baƙi ya rufe. Matsalar ita ce rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, amma na farko yana farawa da gaɓa marar nauyi, na biyu da mai nauyi.

Wannan kalma ce ta kunyata ni ranar da na yi ƙarfin hali na nuna wa malaminmu na adabi wasu baitoci. Bai karanta ba, sai ya ce, "Rera mini." Da na iso ɗango na uku sai harshena ya sarƙe. Ya yi murmushi ya ce, "Ka ga, ka zuba garin tuwo a inda mutane ke zaune." Daga ranar na daina auna waƙa da ido.

Masana sun nuna cewa yawancin waƙoƙin ƙarni na 19 da na 20 sun hau karuruwan arulin Larabci, waɗanda adadinsu 16 ne. Hanya mai sauƙi ta fara koyo ita ce a nemi kalmar Hausa da ta yi daidai da ƙafa. Kalmar "mutane" tana da marar nauyi ɗaya da masu nauyi biyu, wato ƙafar Mutaƙarab ke nan. Kalmar "malami" kuwa mai nauyi ce, marar nauyi, mai nauyi, irin ƙafar Mutadarak. Maimaita kalmar sau huɗu da ƙarfi, sannan ka ɗora ɗangonka a kai. Duk inda ya yi tuntuɓe, nan gyara yake. Bayan haka sai amsa-amo: babba a ƙarshen kowane baiti, ƙarami a cikin ɗangwayen baiti. Mai farawa ya tsaya a ƙwar biyu tukuna, kada ya yi gaggawar hawa ƙwar biyar.

Mu da harshen iyayenmu Yarabanci ne ko Ibo muna da wata riba. Kunnenmu ya saba da karin sauti tun muna yara. A 1980 Ɗalhatu Muhammad ya yi nazari a kan yadda marubuta waƙoƙin Hausa ke daidaita karin sauti a ƙarshen ɗango. Abin da wani zai koya a aji, mu muna jin sa tun kafin a faɗa mana sunansa.

Mataki na uku: sa suna a marufi

Al'ada ce ga marubutan Hausa su ambaci sunansu a baitocin ƙarshe, wani lokaci har da garinsu da shekarar da suka gama waƙar. Ma'anarsa ita ce, in an sami kuskure ga mai shi nan, a tuhume shi. Na yi shekara biyu ina rufe waƙoƙina ba suna, don tsoron kada a ji sunan Bayarabe a yi dariya. Ranar da na sa shi, sai na ga ya zauna a cikin kari kamar kowace kalma. Na karanta waƙar a taron ƙungiyarmu, aka gyara mini wurare biyu, aka kuma ce in sake kawo wata.

Kammalawa

'Yan'uwa ɗalibai, babu takardar shaidar zama marubucin waƙa. A nemi Fasaha Aƙiliya ta Aƙilu Aliyu, wadda aka buga a 1976, a riƙa rerawa a bayyane har kunne ya faɗa. A rubuta baiti biyar a kan abin da ya hana mutum barci, a sa suna a ƙarshe, a kai wa wanda ya fi sani. Da koyo akan iya. Allah ya ƙara mana basira.