Kwashe tsohon kaset zuwa kwamfuta: yadda za ku rage tsaki-tsaki da ƙugi

Gidaje da yawa suna da kwali cike da kaset ɗin bidiyo da aka naɗo daga talabijin: wasan Samanja na NTA Kaduna, tafsirin azumi, wasannin ƙwallo. An sayo katin ɗaukar bidiyo, an jona da kwamfuta, sai ga hoto dishi-dishi, murya kuma sai ƙugi. Kada ku yi saurin ɗora wa katin laifi, domin yawancin dattin a hanya yake shiga tun bai iso kwamfuta ba.

1. Ku fara gwada kaset ɗin a talabijin. In a can ma hoton ya fito da tsaki-tsaki, matsalar tana jikin kaset ko na'urar bidiyon. In ya fito tas, ku neme ta a waya, ko wuta, ko saitin kwamfuta.

2. Ku ajiye wayar eriya. Ita ce hanya mafi muni, don tana cuɗa hoto da murya wuri ɗaya. Ku yi aiki da wayar nan mai kai uku, rawaya ta hoto, ja da fara na murya, ko ma S-Video mai allura huɗu idan na'urar tana da raminta, saboda tana raba haske da launi. Wayar ta zama gajera, kuma kada ta kwanta a kan wayar wuta.

3. Ratsin da ke hawa sama a hankali, aikin wuta ne. Shi da ƙugin da ke cikin murya tushensu ɗaya, wato lantarkinmu mai bugu 50 a daƙiƙa da ke kutsawa cikin wayoyi idan kowace na'ura tana soket dabam. Ku jona su duka a ekstenshan guda, in kuma laftof ce ku zare caja ta yi aiki da batir, sau da yawa nan take ratsin ke ɓacewa. Ƙaramin janareta da inbata mai araha kuwa sukan ƙara wa abin tsami, gara ku jira a kawo wuta.

4. Ku saita tsarin launi daidai. Tashoshin Nijeriya da Gana da PAL suka yi aiki, na Nijar da SECAM, na Amurka da NTSC. In kuka zaɓi wanda bai dace ba, hoton zai koma baƙi da fari ko ya riƙa rawa. Ga PAL, ku sa 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa.

5. Ku taɓa maɓallin Tracking, sannan ku duba kan na'urar. Ƙurar hunturu ba ta barin kan bidiyo lafiya. Ku ɗiga sifirit mai tsabta a farar takarda, ku dafa ta a hankali a jikin gangar da ke ɗauke da kan, ku juya gangar da yatsa. Ban da auduga, don zarenta kan maƙale ya karya kan. Kaset mai farin fumfuna kada ya shiga ciki ko kusa, zai shafa wa sauran.

6. Ku ɗauka ɗanye, matsewa daga baya. A manhajar VirtualDub ku zaɓi HuffYUV ko Lagarith, waɗanda ba sa zubar da komai na hoton. Awa ɗaya takan ci wajen gigabait 30, amma tsaki-tsakin da aka matse tare da hoto ya zauna ke nan.

7. Tacewa ce ta ƙarshe, kuma da sauƙin hannu. Manhajar HandBrake kyauta ce: ku kunna Yadif don gyara layukan da ke bayyana wajen motsi, ku sa NLMeans a mataki mai sauƙi, don in ya yi yawa fuskoki sai su koma sumul kamar 'yar tsanar roba. Ragowar ƙugi manhajar Audacity za ta rage shi. Siririn layin da ke karkarwa a can ƙasan hoto kuwa kowane kaset yana da shi, da can bakin talabijin ne ke ɓoye shi, sai ku datse shi kawai.