FILAYA: WACE IRI CE TA DACE DA AIKIN GONARKA?

Manomi ɗan'uwa, kayan aikin gona yanzu sun wuce fartanya da lauje da gatari. Mai garmar shanu yana da noti da zai ɗaure. Mai lambu yana da injin ban-ruwa da mesa. Mai kiwo yana da wayar da zai ja ya kewaye makiyaya ko ɗakin kaji. Duk waɗannan ƙarfe ne, hannu kuwa ba ya riƙe ƙarfe yadda ake so. Shi ya sa filaya ta shiga cikin kayan da ya kamata a samu a gidan kowane manomi.

To amma in ka je kasuwa za ka tarar da iri-iri a shimfiɗe. Akwai filaya zalla wadda kowa ya sani. Akwai kuma waɗanda aka tara wa ayyuka da yawa a jiki ɗaya: wata da kan guduma, wata da wuƙa da sukundireba a cikin mariƙinta, wata mai kulle kanta. Mai kaya zai ce maka ka ɗauki mai aiki goma ka huta. Wani lokaci gaskiyarsa ne. Sau da yawa kuwa asarar kuɗi za ka yi.

INDA ƘARFIN FILAYA YAKE

Ka dubi awartakin maƙeri. Ƙarfe biyu ne aka gicciya, aka haɗa su da ƙusa ɗaya, mariƙi dogo, baki gajere. Filaya ma haka take. In daga ƙusar tsakiya zuwa inda hannunka yake inci 5 ne, wayar da za ka yanka kuma tana inci 1 daga ƙusar, to ƙarfin matsawarka ya ninka sau 5. In ka tura wayar can ciki har ya zama saura rabin inci, ya ninka sau 10. Saboda haka kullum ka riƙa yanka a gindin baki, ba a tsini ba. Ka kuma riƙe abu biyu a ranka, domin da su za mu auna kowace iri: gajeren mariƙi ba shi da ƙarfi, kuma ran filaya yana ga ƙusar tsakiya. Ran da ta yi lakwam, baki ya daina haɗuwa, filaya ta mutu.

FILAYA ZALLA

Ana samun ta mai tsawon inci 6, da 7, da 8. Don aikin gona ka nemi mai inci 8, watau santimita 20. In ka lura da bakinta za ka ga wuri uku: tsini mai faɗi don kama abu siriri, rami mai haƙora don kama abu mai kewaye, sa'an nan kaifi na yanka a kusa da ƙusa.

Da ita za ka murɗa wayar ɗauri, ka yanka ragar kaji, ka ɗaure mesa a bakin bututu, ka cire fil ɗin nan mai ƙafa biyu da ke tare ƙafar garma ko ta amalanke, ka miƙar da ƙusar da ta lanƙwashe. In ka lissafa abin da manomi yake buƙatar filaya dominsa a shekara, yawancinsa ke nan. Kowane ɓangarenta ƙarfe ne guda tun daga baki har mariƙi, ba wani abu da zai kwance ya faɗi a cikin ciyawa. In ta soma girgiza, maƙerin garinku zai dake ƙusar ta koma daidai.

Abin da ba ta so shi ne duka. Kada ka mai da ita guduma, kada kuma ka doke ta da guduma don ta yanke abin da ya fi ƙarfinta. Wayar sifirin da sifok ɗin keke suna da tauri ƙwarai, suna iya bar mata giɓi.

FILAYAR SHINGE

Daga cikin masu aiki da yawa, wannan ce aka ƙera don manomi da makiyayi. A 1874 wani manomi a jihar Ilinoi ta Amurka, mai suna Joseph Glidden, ya sami rajistar irin wayar nan mai ƙaya da muke gani har yau. Da shinge ya yawaita, mai kewaya shi don gyara ya buƙaci abu ɗaya da zai sa a jaka maimakon guduma da awartaki da abin yanka.

Tsawonta wajen inci 10 ne. Gefe ɗaya na kanta guduma ce. Ɗaya gefen tsini ne mai lanƙwasa kamar bakin shaho, da shi ake ɓanɓaro ƙusar shinge, watau ƙusar nan mai baki biyu da take rungume waya a jikin dirka. Tana da wurin yanka biyu a gefe, da haƙora a tsakanin mariƙi na kama waya a ja. Wayar ƙaya mai kauri takan kai milimita biyu da rabi, ga ta kuma biyu aka tufka. Filaya zalla za ta yanke ta, silli ɗaya bayan ɗaya, amma kafin azahar tafin hannunka ya yi ƙanta. Filayar shinge kuwa aikinta ke nan.

Bari mu yi lissafi. Lambu mai mita 50 kowace kusurwa, watau rubu'in hekta, kewayensa mita 200 ne. In ka kafa dirka kowace mita 3, kana buƙatar wajen dirka 67. Layin waya 4 kuwa, ƙusar shinge 268 ke nan. A shekarun 1980, sa'ad da cibiyar binciken dabbobi ta ILCA ta yi aiki da makiyaya a wajen Kachia ta jihar Kaduna, an riƙa killace fili wajen hekta 4 a shuka ciyawar sitailo don shanu su ci da rani. Irin wannan fili kewayensa ya kai mita 800, ƙusa fiye da 1,000. Wanda yake da aiki kamar wannan, kuma zai riƙa bin shingen yana gyara inda shanu suka tura, kuɗin filayar shinge ba asara ba ne. Dalilin da ya sa haɗin ya yi kyau a nan shi ne, duk ayyukan nata na sana'a ɗaya ne: ka cire tsohuwar ƙusa, ka ja waya, ka yanka, ka buga sabuwa, ba ka ajiye abin da ke hannunka ba.

Amma ka san iyakarta. Gudumarta ba ta da nauyi. In dirkar busasshiyar ƙirya ce ko marke, ƙusa za ta yi ta lanƙwashewa. Ranar kafa sabon shinge ka zo da gudumar gaske, ka bar filayar don yanka da gyara. Bakinta kuma ƙato ne, ba ya kama ƙananan abubuwa, don haka ba ta maye gurbin filaya zalla. In dirkokinka na ƙarfe ne, ba ƙusar da za ka buga, da waya za ka ɗaure. In kuwa shingenka na ƙaya ne, ko dangar kara, ko bini-da-zugu da aguwa, to ba ruwanka da ita sam. (Ka tuna kuma wayar ƙaya shanu take tarewa. Akuya sai raga.)

Sa'ad da kake buga ƙusar shinge, ka ɗan karkata ta don bakinta biyu kada su bi tsaga ɗaya su fasa icen. Kada ka dake ta har ta danne waya a dirkokin tsakiya, bar ɗan wuri yadda wayar za ta iya motsi. Wayar da aka ja ta yi tsam, in an yanke ta takan zabura ta nannaɗe mutum. Ka kori yara daga wurin, ka take ɗaya gefen da takalmi, ka kau da fuskarka. In ta yanke ka, wanke da ruwa da sabulu ka tafi asibiti a duba maganar allurar tetanus, cutar nan mai sandarar da jiki ta sarƙe haƙora. Ƙasa da kashin dabbobi su ne mazaunin ƙwayarta, gona kuwa cike take da su.

TA ALJIHU MAI NAƊEWA

Wannan ce take ɗaukar ido. Ka buɗe ta, ga filaya, ga wuƙa, ga sukundireba, ga magagari, har da ɗan zarto. Wani Ba'amurke, Tim Leatherman, shi ya fito da ita kasuwa a 1983. Ta ainihin tana da kyau, tana kuma da tsada ƙwarai. Yawancin waɗanda za ka gani a tire a kasuwa kwaikwayo ne.

Ko ta ainihin ce, ba don aikin ƙarfi aka yi ta ba. Mariƙinta gajere ne, cikinsa kuma rami ne domin nan wuƙaƙen suke kwanciya. Maimakon ƙusa ɗaya tana da gaɓoɓi da yawa, kowace gaɓa kuwa wurin lalacewa ce. Ƙarfenta irin wanda ba ya saurin tsatsa ne, amma kaifinta ba ya jure waya mai kauri. Ga wani abu da mai kaya ba zai gaya maka ba: aiki ɗaya take yi a lokaci ɗaya. In kana son ka riƙe noti da filaya ka juya sukuru da sukundireba, ai duka biyun suna jiki ɗaya, ka tsaya ke nan. Ranar da ta ɓace kuma, kayan aiki goma suka ɓace.

Tana da amfani ga mai yawo a kan babur, kamar mu malaman gona, don yanke igiya ko ɗaure sukurun da ya saki a hanya. In kana da ita, kada ka huda robar maganin feshi da wuƙarta, sa'an nan an jima ka fere rake ko mangwaro da ita.

MAI KULLE KANTA

Wani maƙeri a jihar Nebaraska ta Amurka, William Petersen, shi ya ƙago ta, ya yi mata rajista a 1924. Tana da sukuru a gindin mariƙi da ake daidaita faɗin baki, in ka matsa sai ta kama ta ƙi saki. Ba ta da na biyu wajen notin da ya riga ya cinye, ko riƙe ƙarfe biyu wuri ɗaya in ba ka da mataimaki. Sai dai duk abin da ta kama sai ta bar masa tabo.

FILAYA BA SIFANA BA CE

A nan ne ɓarna ta fi yawa, ko da wace iri ce a hannunka. Noti kusurwa 6 gare shi. Sifanar da ta yi daidai da shi tana zama a kan gefensa ta juya shi lafiya. Filaya kuwa da haƙora take cizonsa, in ya yi gardama sai ta zame, kowace zamewa tana cin kusurwa. Ba a daɗewa notin ya koma kamar ƙwallo, sifanar ma ba ta ƙara kama shi.

Ka ɗauka a watan Maris ne, rana tana dukan albasa da tumatir, injin ban-ruwa ya ƙi tashi. Datti ne kawai a kafireto, aikin ɗan lokaci kaɗan. Ka sa filaya ka cinye notin. Yanzu sai an ɗora injin a babur an kai gari wurin makaniki, in sati ya ƙi ma sai an jira ranar kasuwa. Kwana biyu ko uku ba ruwa a wannan lokaci, kai ka san abin da yake yi wa tumatir mai fure. Yawancin notin da ke jikin ƙananan injunan fetur ɗin nan lamba 10 ne da lamba 12. Sifana biyu, da sifanar fulogi, kuɗinsu bai kai na kwando ɗaya na tumatir ba.

Notin garma da ya yi tsatsa, zuba masa kananzir ko baƙin mai ya kwana, sa'an nan ka kwance da sifana. Bakin famfon feshi kuwa da hannu kaɗai ake ɗaure shi. In yana yoyo, 'yar robar ciki ce ta mutu, sai a sake ta. Matsawa da filaya fasa shi take yi, maganin ya riƙa zuba a hannunka.

Masu injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, ku kula. Robar da ke jikin mariƙin filaya don daɗin riƙo ce, ba ta tsare mutum daga lantarki. Wadda aka yi don lantarki an rubuta 1000V a jikinta. Faifan kuma muddin rana tana dukansa yana ba da wuta, ko injin a kashe yake. Bar wannan aiki ga wanda ya koya.

IN KA JE SAYE

Fara da filaya zalla mai kyau, mai inci 8, da sifanar da ta dace da injinka ko garmarka. In kana da shingen waya a kan dirkar ice, ƙara da filayar shinge. Da yake ba kullum ake aikinta ba, 'yan ƙungiya ko maƙwabtan lambu suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya, a ajiye ta wurin mutum ɗaya sananne. Mai kulle ta biyo baya in hali ya yi.

Kada ƙyalli ya ruɗe ka. Rufe bakinta ka ɗaga ta wajen rana, in haske yana ratsa tsakanin kaifi biyu, ajiye ta. Kama mariƙi biyu ka girgiza su gefe da gefe, bai kamata ka ji motsi ba, amma ta buɗu da hannu ɗaya ba da kokawa ba. Tafi da guntun wayar da kake aiki da ita a aljihu, ka roƙi mai kaya ka gwada a gabansa, sa'an nan ka duba ko kaifin ya yi tabo. Tsohuwa ta gwanjo da ta ci wannan jarrabawa ta fi sabuwa mai walƙiya da ta faɗi.

Bayan aiki ka goge ta, musamman in ta taɓa takin zamani, domin taki yana cin ƙarfe da sauri. Ɗiga mata baƙin mai a ƙusar tsakiya, ka rataye ta a ɗaki, kada ta kwana a ƙasa. Kada ka kama ƙarfe a cikin wuta da ita kamar awartaki, zafi yana kashe taurin bakinta. Ka kuma ɗaura mata jan ƙyalle a mariƙi, domin in ta faɗi a cikin kunya ka gan ta daga nesa.