Amsoshin Tambayoyinku: Wa Zai Gyara Eriya?

Wani mai sauraro daga Zariya yana tambaya ko kamfanin da ya kafa masa dish zai gyara masa eriyar da hotonta ke yankewa.

To Malam, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Dish daga tauraron ɗan'adam yake kamowa, nisan kusan kilomita 36,000, eriya kuwa daga turken tasha. Idan kamfanin ne ya sayar maka da ita tare da dikoda, irin tsarin GOtv, kira su da lambar dikodarka. In a kasuwa ka saya, sai mai gyara.

Kafin nan, ƙara tsawon sandar, ka fuskantar da ita turken, ka duba bakin wayar, ruwan damina kan sa tsatsa. In kamfani ya yi biris, kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC.