Darasi: Shirin Kai Shanu Kumasi

'Yan'uwa fatake, zafin kudancin Gana ba irin namu ba ne. Namu rana ce, in ka shiga inuwa ka huta. Na Kumasi kuwa gumi ne, jiki a jiƙe yake kwana. Don haka babbar riga mu bar ta gida, mu ɗauki taguwa marar nauyi kamar uku, tunda wanki ba ya bushewa da wuri. Gidan sauro dole ne.

Takardar likitan dabbobi, katin shaida, da katin rigakafin zazzaɓin shawara da ake tambaya a iyakar Paga, duk mu naɗe su cikin leda. Mun taɓa tafiya da wani ya zaro takardarsa daga lalita, zufa ta cinye hatimin. Kwana biyu muka yi a bakin iyaka, shanu na tsaye cikin mota. Allurar nan ma sai ta kwana 10 katin ke aiki, to kada mu bari sai ranar lodi.

Lodi da la'asar sakaliya, bayan shanu sun sha ruwa. Mu rage kai biyu daga yadda muka saba. Yaran bisa mota su riƙa leƙawa, sa ya kwanta a tashe shi kafin 'yan'uwansa su tattake shi.