Wa Ya Gaya Wa Fom Cewa Ka Yi Kuskure?



A hutun da ya wuce na raka yayana daga Bungudu zuwa Gusau zai cike fom a wani shagon kwamfuta. Sau uku yana danna maɓallin aikawa, jan rubutu yana fitowa a ƙarƙashin gurbin NIN. Har ya fara cewa na'urar ce ta lalace. Ashe lamba 10 ya rubuta, alhali NIN lamba 11 ce, kamar lambar waya da BVN.

Da muka dawo hutu na tambayi malaminmu na kwamfuta yadda fom ya gane. Ya ce mai rubuta manhajar ne yake kafa wa kowane gurbi sharaɗi. A yaren Java, tun 2009 akwai tsarin da ake ɗora 'yar alama mai farawa da @ a kan gurbin, kamar yadda ake liƙa takarda a jikin kwalbar magani. In an sa @NotBlank a gurbin suna, ba za ka bar shi fayau ba, ko da ka danna tazara don wayo. @Past kuwa ba ta karɓar ranar haihuwar da ba ta zo ba tukuna.

Wadda ta fi burge ni ita ce @Size. Tsawo kawai take ƙirgawa. In an ce mata 11, ka rubuta haruffa 11 na shirme, za ta bari su wuce! Sai an haɗa da @Pattern, a ce mata lambobi zalla ake so. Malam ya ce ana dubawa a wayarka, sannan a sake dubawa a babbar kwamfutar da ke karɓar fom, domin ta farko ana iya zagaye ta.

Amma fa alamun nan siffa suke dubawa, ba su san gaskiya ba. In sunanka Abdullahi ka rubuta Abdulahi, ko ka sa 2012 a maimakon 2011, jan rubutu ba zai fito ba. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da NIN, kuma daga can take ɗauko suna da ranar haihuwa. To 'yan aji uku masu rajistar BECE bana, kafin a aika sunayenku ku gwada su harafi-harafi da abin da ke kan takardar haihuwarku da ta NIN.