An Ci Shari'a, To Ina Kuɗin?

Yawancin mutane sun ɗauka da zarar alƙali ya ba mutum gaskiya, magana ta ƙare. Ba haka ba ne. Hukunci takarda ce, kuma takarda ba ta shiga banki da ƙafarta.

A ce wata ƙungiyar manoman riɗi a Farin Dutse da ke Jihar Jigawa ta ƙulla yarjejeniya da wani asusun zuba jari na ƙasar waje, ya karɓi amfanin gona ya ƙi biya. Manoma suka kai ƙara Babbar Kotu, suka yi nasara. Tambayar farko da lauya mai hankali zai yi ita ce: me wannan asusu ya mallaka a Nijeriya? Idan yana da ajiya a banki, doka ta yarda a nemi kotu ta umarci bankin ya riƙe kuɗin, ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a miƙa su ga masu bin bashi. In babu dalili, sai kotu ta tabbatar da umarnin. Idan kuwa motoci ne ko sito ko injina, ma'aikatan kotu na iya kama su a yi gwanjonsu.

Wahalar tana ga asusun da ba shi da ko tsinke a nan. Irin waɗannan sukan yi rajista a wani tsibiri mai nisa, ofishi a Landan, dukiya kuma a wata ƙasa ta uku. Hukuncin kotun Jigawa ba ya aiki a can sai an kai shi gaban kotunsu ta karɓa. A Ingila akwai dokar 1920 da ta ba da damar yin rajistar hukuncin manyan kotunan Nijeriya, amma a ƙa'ida cikin wata 12. Lauyan can kuwa da fam ake biyansa.

Kano ta ga yadda abin ke jan ƙafa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kimanin 200 a Asibitin Zana, 11 suka rasu. Iyalai sun shigar da ƙara a Amurka a 2001, gwamnatin Kano ta shigar da tata a 2007. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 aka sasanta kan dala miliyan 75. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne, bayan gwajin ƙwayar halitta. Shekara 15 ke nan, alhali gwamnatin jiha ce a gaba, kamfanin kuma sananne ne mai adireshi. To ina ga ƙungiyar ƙauye?

Su baƙin sun iya wannan farauta. A 2024 kamfanin Zhongshan na ƙasar Sin, da ke bin kuɗin da aka yanke masa kan rikicinsa da Jihar Ogun, ya sa wata kotun Faransa ta riƙe jiragen fadar shugaban Nijeriya guda uku. Bai tsaya jiran a ji kunya a biya shi ba, dukiya ya bi har inda take.

Saboda haka, jama'ar Gwaram da Birnin Kudu a Jigawa, kafin a ba baƙon kamfani gona ko amfani ko kuɗi, a binciki rajistarsa a Hukumar Rajistar Kamfanoni, domin doka ta wajabta wa kamfanin waje ya yi rajista a nan kafin ya fara kasuwanci. A nemi bankin gida ya tsaya masa a rubuce, a kuma kai takardar yarjejeniya ga lauya ya karanta tun ba a sa hannu ba.