Yadda Ake Gwada Tarkon Ɓera

A shekarar 1969 aka gano zazzaɓin Lassa a garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yau. Ɓera ke yaɗa shi ta fitsari da kashi, don haka ɗana tarko ba wasan yara ba ne.

Ɗalibin Ƙofar Sauri a Katsina yana iya yin gwaji a ɗakin ajiyar hatsi. Ya nemi tarkuna 6 iri ɗaya, ya sa wa 3 ƙuli-ƙuli, 3 busasshen kifi. Ya jera su a gindin bango, inda ɓera ke bi, yana musanya musu wuri har dare 7, yana rubuta kamun kowanne. Abincin kaɗai zai bambanta, domin a san dalilin kamun. Mushen kuwa, ba a taɓa shi da hannu. Binnewa ake yi.